Gudun Dogon Zango A Cikin Zafin Bazara

Ranar 7 ga watan Agusta, 1954, mutanen birnin Vancouver na ƙasar Kanada suka ga abin da ya tayar musu da hankali. An shirya tseren nan da ake kira maraton, wato gudun mil 26 da yadi 385, aka sa shi da tsakar rana, ga zafi. Wani mutumin Ingila, Jim Peters, wanda a zamanin nan babu wanda ya kai shi sauri a wannan tsere duk duniya, ya shigo filin wasa ya ba na bayansa ratar kamar minti 17. Saura ƙiris ya kai, sai ya fara tangaɗi. Ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa, har dai aka ɗauke shi zuwa asibiti bai ƙarasa ba. Cikin mutum 16 da suka tashi, 6 kaɗai suka kai. Peters ya warke, amma bai ƙara shiga tsere ba.

To, me ya ka da gwani irin wannan? Ba rashin zuciya ba ne, zafi ne. Jikin ɗan Adam yana zama ne a kan awon zafi 37. In mutum yana gudu, tsokarsa sai ta riƙa hura zafi kamar murhu, dole kuwa jiki ya fitar da shi. Hanyarsa ita ce zufa. Amma zufa ba ta sanyaya mutum sai ta bushe a kan fata. Shi ya sa wani ɗan ƙasar Fotugal, Francisco Lazaro, ya halaka a tseren Stockholm a 1912, don ya shafe jikinsa da kitse saboda gudun ƙunar rana, zufa ta rasa mafita. Shi ya sa kuma zafi mai laima ya fi busasshen zafi haɗari. A Doha ta ƙasar Katar, a 2019, sai da aka jira tsakar dare kana aka fara tseren mata, duk da haka cikin 68 da suka tashi 28 ba su ƙarasa ba, domin iskar bakin teku ta hana zufa bushewa.

Abin da masana suka tabbatar shi ne, jiki yana koyon zafi, amma a hankali. In mutum ya riƙa motsa jiki cikin zafi kullum, cikin kwana 10 zuwa 14 sai ruwan jininsa ya ƙaru, zufa ta riƙa zuwa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke fita cikinta ya ragu, bugun zuciya ya sassauta. Saboda haka wanda ke shirin tsere a lokacin zafi, kada ya ce zai yi a rana ɗaya abin da ake yi a mako biyu. Ya fara da gudun minti 20 ko 30, sassarfa kawai, yana ƙarawa kaɗan kaɗan har ya kai sa'a guda ko fiye. Gudu mai nisa da gudu mai tsanani kuwa, a bar su sai bayan asuba ko da la'asar sakaliya. Sannu ba ta hana zuwa. Kuma a sani, in an daina, wannan sabo yana gushewa cikin 'yan makonni.

Sai maganar ruwa. Mai gudu cikin zafi yana iya zubar da zufa lita 1 zuwa 2 cikin sa'a guda. Hanyar da zai san abin da ya rasa mai sauƙi ce: ya hau ma'auni kafin ya fita, ya sake hawa bayan ya dawo. Kowane kilo guda da ya ragu, kamar lita guda ke nan ta ruwa, sai ya mayar da ita sannu sannu, tare da abinci mai ɗan gishiri. Amma kada a yi ta kwankwaɗar ruwa fiye da kima, gama yawansa yana tsarma gishirin jini, wannan ma yana kisa. Tufafi kuma su zama farare, marasa nauyi, waɗanda iska ke ratsawa.

Abu mafi muhimmanci, mai gudu ya san lokacin tsayawa. Jiri, ciwon kai, tashin zuciya, tsigar jiki tana tashi alhali ana zafi, duka gargaɗi ne. In aka ga mutum ya fara tangaɗi ko sambatu, to, zafin jikinsa yana iya zama ya haura 40, ransa yana cikin haɗari. Kada 'yan kallo su ce za su yi masa kirari ya ƙarasa. A kai shi inuwa, a tsoma shi cikin ruwan sanyi, ko a riƙa kwara masa ana fifita, nan take, kana a garzaya da shi asibiti. Wannan ma dalili ne na kada mutum ya fita dogon gudu shi kaɗai.

Mu nan da bazara, daga Maris zuwa Mayu, awon zafi yakan wuce 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri. Gaskiya ne an haife mu cikinsa, amma sabon zama cikin zafi daban, sabon gudu cikinsa daban. Muna jan hankalin samarinmu, da malaman makarantu masu shirya tsere, su duba sa'ar da suke sakin yara, su tanadi ruwa da inuwa a kan hanya. Wanda ya tsaya yau, gobe zai sake gudu. Allah Ya kiyashe mu.