Iska da Tashin Jirgin Sama

Abin da ke ɗaga jirgin sama daga ƙasa shi ne iskar da ke bi ta saman fukafukansa da ƙarƙashinsu. An ƙera fiffiken ne yadda zai karkatar da iskar zuwa ƙasa, ita kuma ta tura shi sama. Ƙarfin wannan turi ya rataya ne a kan abubuwa huɗu: faɗin fiffike, yadda ya ɗaga kai yana fuskantar iska, saurin iskar da ke ratsa shi, da kuma kaurin iskar. Biyu na farko suna hannun maƙera da matuƙa. Biyu na ƙarshe kuwa yanayi na da hannu dumu-dumu a cikinsu, kuma su ne ke yanke tsawon titin da jirgi zai cinye kafin tayoyinsa su rabu da kwalta.

Jirgi na da gudu iri biyu. Akwai gudunsa a kan ƙasa, akwai kuma gudunsa a cikin iska, wanda shi ne fiffike ya sani. A ɗauka jirgi na buƙatar gudun kilomita 280 a sa'a kafin ya ɗaga. Idan iska na busowa daga gabansa da gudun kilomita 30, to tun yana tsaye ya samu kilomita 30 kyauta, saura 250 kawai zai nema da injinsa. Idan kuwa daga bayansa take busowa da wannan gudu, sai ya kai kilomita 310 a kan titi kafin fiffiken ya ji 280 ɗin da yake jira.

Littattafan koyar da tuƙin jirgi sun ƙayyade wannan da lissafi. Iskar gaba da ta kai kashi 10 cikin 100 na gudun tashi tana rage tsawon titin da ake buƙata da kimanin kashi 19. Iskar baya mai irin wannan ƙarfi tana ƙara shi da kimanin kashi 21. Bayan an ɗaga ma, iskar gaba na sa jirgi ya yi sama sosai a cikin 'yar gajeriyar tazara, ya haye bishiyoyi da gidaje da turakun lantarki da ke bayan filin. Shi ya sa yawancin jiragen fasinja ba a yarda su tashi ba idan iskar baya ta wuce kimanin kilomita 19 a sa'a, wasu kuma 28. Doka ta ƙara da taka-tsantsan: a lissafin tashi, rabin ƙarfin iskar gaba kawai ake ƙirgawa, iskar baya kuwa ana ƙara mata rabinta, domin iska ba ta da alkawari.

Masu jirgin farko ma sun san haka. Orville da Wilbur Wright sun bar garinsu Dayton suka tafi gaɓar teku kusa da Kitty Hawk, a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, saboda iskar wurin ba ta cika kwanciya ba. A ranar 17 ga Disamba, 1903, jirginsu ya fuskanci iska mai ƙarfi, ya yi daƙiƙa 12 a sama, ya ci kimanin mita 37. Har yau manyan jiragen ruwa masu dakon jiragen yaƙi sukan juya hanci su fuskanci iska kafin su sallami jirgi. Shamuwa da ungulu ma haka suke yi idan za su tashi.

Wannan ce ta sa ake shimfiɗa titin jirgi daidai da inda iska ta fi busowa a yankin. Lambar da ake rubutawa a kowane bakin titi tana nuna alkiblar da yake kallo a kamfas, an cire sifiri na ƙarshe. Babban titin filin jirgin Malam Aminu Kano yana ɗauke da lamba 06 a baki ɗaya, 24 a ɗaya bakin, wato digiri 60 da digiri 240. Bakin farko na kallon arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa. Na biyu na kallon kudu maso yamma, inda iskar damina ke fitowa. Titi ɗaya ne, amma hasumiyar kula da zirga-zirga ce ke zaɓar bakin da za a fara gudu, gwargwadon iskar ranar. Idan iska ta zo daga gefe, matuƙi na riƙe jirgin a tsakiyar titi da sitiyari da abin takawa, kuma kowane jirgi na da iyakar iskar gefen da aka gwada shi a kai.

Sai batun kaurin iska. Ma'aunin da duniya ta amince da shi ya ɗauki iska a bakin teku, a zafin digiri 15, inda kowace mita kubik ta iska ke da nauyin kilo 1.225. Abubuwa uku ne ke sirantar da ita: tudu, zafi, da danshi. Duk hawa sama, iska na raguwa. Zafi na buɗa ta, ƙwayoyinta su yi nesa da juna. Danshi ma na rage mata nauyi, domin tururin ruwa bai kai busasshiyar iska nauyi ba. Siririyar iska na cutar da jirgi ta fuska biyu a lokaci guda. Fiffike na buƙatar ƙarin gudu kafin ya ɗauki nauyi, inji kuma, wanda iska yake shaƙa ya ƙona mai, ƙarfinsa na raguwa. Ga buƙata ta ƙaru, ga ƙarfi ya ragu, sai titi ya biya bambancin.

Matuƙa na lissafa wannan da abin da za a iya kira tudun da jirgi ke ji. Duk digiri ɗaya da zafi ya haura abin da aka ƙayyade wa wuri, kamar an ɗaga filin ne da kimanin mita 36. Filin jirgin Kano na kusan mita 480 sama da teku. Da tsakar ranar bazara, zafi na digiri 40, jirgi zai ji kamar yana tashi daga tudu mai kusan mita 1,500, wanda ya zarce tudun garin Jos.

Filayen da suka haɗa tudu da zafi su ne suka fi jin jiki. Filin Bole na Adis Ababa ya haura mita 2,300. Na El Alto da ke kusa da La Paz a Boliviya ya haura mita 4,000, titinsa kuma kilomita 4 ne. A Denver ta Amurka, an gina titi mai mita 4,877 domin manyan jirage su iya tashi da cikakken lodi a lokacin zafi. A watan Yunin 2017, zafi ya doshi digiri 48 a birnin Phoenix, sai aka soke tashin ƙananan jiragen fasinja da dama, domin ya kai iyakar da aka amince su yi aiki a ciki. Inda ba a kai ga sokewa ba, akan rage lodi: a sauke kaya, ko a bar wasu kujeru babu kowa, ko a jira sanyin dare ko na asuba.

Mafi haɗarin yanayi shi ne iska ta sauya farat ɗaya. A ƙarƙashin hadari, wani ginshiƙin iska mai sanyi kan faɗo daga gajimare ya daki ƙasa ya fantsama ko'ina. Jirgin da ya shiga cikinsa zai fara cin karo da iskar gaba mai ƙarfi, sannan iska ta danne shi ƙasa, sannan ta koma bayansa, gudunsa ya zube a lokacin da bai yi nisa da ƙasa ba. Masanin yanayi Ted Fujita na Jami'ar Chicago ne ya fayyace wannan al'amari. Irin wannan iska ce ta kayar da wani jirgin Boeing 727 jim kaɗan da tashinsa daga New Orleans a ranar 9 ga Yuli, 1982, mutum 153 suka rasu. Binciken haɗarin jirgin da ya faɗi bayan tashi daga Abuja a ranar 29 ga Oktoba, 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a cikinsa, shi ma ya ambaci irin wannan sauyin iska. A yau jiragen fasinja na ɗauke da na'urorin gargaɗi, kuma ƙa'idar ita ce a jira hadari ya wuce.

Kafin kowace tafiya, matuƙa na karɓar rahoton yanayin filin: alkiblar iska da ƙarfinta, zafi, matsin iska, nisan da ido ke iya gani a cikin hazo, da ko titi a jiƙe yake, domin ruwa na tsawaita tazarar birki. Sai su haɗa da nauyin jirgi da tsawon titi, kwamfuta ta fitar da gudu uku. Na farko shi ne iyakar da za a iya fasa tashi a taka birki a tsaya kafin titi ya ƙare. Na biyu shi ne inda ake ɗaga hancin jirgi. Na uku shi ne gudun da jirgi zai ci gaba da hawa da shi lafiya ko da inji ɗaya ya mutu. Idan iska ta juya ko zafi ya ƙaru kafin a kai bakin titi, sai a sake lissafin daga farko.