Me Ya Sa Fayil Ke Ƙin Buɗewa a Wata Na'ura?

'Yan uwa ɗalibai, sau nawa aka tura maka bidiyon darasi ta Xender, ka danna, waya ta ƙi buɗewa? Ko ka kai memori wurin mai tura finafinai a nan Nasarawa Burkullu, ka dawo gida ka tarar ga murya amma babu hoto? Galibi fayil ɗin lafiyarsa ƙalau. Na'urarka ce ba ta jin yaren da aka rubuta shi da shi.

Kowane fayil yana da tsarinsa, kuma haruffan ƙarshen sunansa ne ke nuna shi: MP4 ko 3GP na bidiyo, MP3 na sauti, JPG na hoto. Tun 2017 wayoyin iPhone suka koma ajiye hoto a tsarin HEIC, shi ya sa tsofaffin wayoyi da kwamfutoci ke kasa nuna shi. Goge HEIC ka rubuta JPG a sunan ba ya magani, domin abin da ke ciki bai sauya ba.

Maganin shi ne manhajar juya fayil, kamar VLC ko HandBrake a kwamfuta. Takan warware fayil ɗin, ta sake shirya shi a tsarin da ɗaya na'urar ke ganewa. Amma yawancin juyin da ake yi wa bidiyo ko sauti yana rage masa inganci, kamar a yi ta kwafar takardar da ita ma kwafi ce.

Aikin ya fi wuya idan fayil ya haɗa rubutu da hoto da sauti da maɓallan dannawa. A 1987 kamfanin Apple ya fito da HyperCard, malamai suka shirya darussa da yawa da ita, amma a kwamfutocin Apple kaɗai take aiki. Da aka daina sayar da ita a 2004, darussan da ba a juya ba sai suka maƙale a tsofaffin na'urori. Haka manhajar gwajin JAMB ta Windows, mai EXE, ba ta hawa Android, mai amfani da APK. Sai masu ita sun sake gina ta.

To, ga shawara. Kada ka goge na asali bayan ka juya. Idan za ka kai aikinka a buga a Gummi ko Anka, mayar da shi PDF tun daga gida, don kada ƙ da ɗ da ɓ su koma akwatuna. Bidiyo kuwa, nemi MP4. Sannan ka buɗe fayil ɗin a gaban mai turawa kafin ka biya kuɗi.