Kamun Kifi Ba Sai Mai Gado Ba

Akwai wata magana da na taso ina ji a gidanmu, har yau kuma ina jin ta a bakin mutanen da nake ganin girmansu: wai kamun kifi sai mai gado. In ba a gidan masunta aka haife ka ba, in ba a jiƙa maka wani abu ka sha tun kana goye ba, to kai da ruwa sai alwala da wanka. Kawuna, Allah ya jiƙansa, yakan ce da ni, "Ɗana, mu manoma ne. Ruwa yana da masu shi." Ya ƙare rayuwarsa yana noma a gefen kogi, tarwaɗa na juyi a gindin gonarsa, amma duk kifin da ya shiga tukunyar gidansa da kuɗi aka sayo shi.

Ban ɗauki maganar kawu a matsayin ta banza ba, domin tana da tushe. Wanda ya taɓa ganin Basarke a tsakiyar kogin Kwara, wajen Yawuri, yana tsaye a kan kwalekwalen da faɗinsa bai kai kamu biyu ba, ya karkaɗa birgi ya watsa ta buɗe kamar faifai, ya san wannan ba aikin kwana ɗaya ba ne. Haka wanda ya halarci bikin Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin tattali a 2016. Dubban Kabawa ne ke rugawa cikin Matan Fada da homa da gora, mutum ya nutse ya fito rungume da giwan ruwa, har an taɓa fito da wanda ya haura kilo 70. Wannan kam barewa ce ta yi gudu, ɗanta ma ya yi. Duk wanda ya ce baƙo zai wayi gari ya yi haka, bai faɗi gaskiya ba, kuma yana iya jefa ran wani cikin haɗari.

Inda na rabu da kawu shi ne, ya haɗa abu biyu ya ɗaure da igiya ɗaya. Akwai sana'ar su, ta jirgi da kalli da mamari da kwana a kan ruwa. Akwai kuma fatsa, wadda mutum zai zauna a kan tudu, ƙafarsa a busasshiyar ƙasa, ya jefa ƙugiya ɗaya ya jira. Ta farko tana son a girma a cikinta. Ta biyu kuwa yaran ƙauye sun daɗe suna yi a bakin tafki ba tare da an tambaye su sunan kakansu ba. Sai yaro ya yi gemu sannan a ce masa wannan ba hurumin gidansu ba ne, ya ajiye sanda.

A duba kuma yawancin manyan ruwayen da muke kamun kifi a cikinsu yau. An kammala madatsar Kainji a 1968, Tiga a 1974, Bakolori a 1978, Goronyo a 1984, Challawa a 1992. Akwai dattawa da ransu da suka girme wa kowace daga cikinsu. Inda ruwa ya kwanta yanzu, jiya gonaki ne da makiyaya da kufan ƙauyuka. Masunta na gado sun zo daga nesa sun kafa bukkoki, gaskiya ne, amma manoma da yawa da ruwa ya ci gonakinsu sun zauna kusa da su, sun kalla, sun tambaya, sun koya. Jikokinsu ne yau ake ce wa masu gado. Ashe gadon ma yana da ranar da ya fara.

Wasu sukan ce, to ko an yarda, me mutum zai samu a baki-baki? Ai kifi yana can tsakiya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi hana sabon shiga farawa, kuma halin ruwa da kansa ya ƙaryata shi. Rana tana ratsa ruwa mara zurfi har ƙasa, shi ya sa a nan ciyawa da gansakuka suke tsiro, a nan ƙwari suke ƙyanƙyasa, a nan kuma duk abin da iska ta kaɗo daga bishiya ko ruwan sama ya wanko daga gona yake faɗawa. Abinci yana gefe, ƙananan kifaye suna bin abinci, manya suna bin ƙanana. Karfasa a wuri mara zurfi take haƙa ɗan gurbinta ta yi ƙwai. Tarwaɗa kuwa da zarar ruwan farkon damina ya malala cikin ciyawa sai ta biyo shi don ta hayayyafa, wani lokaci a wurin da ruwan bai kai gwiwa ba. Mai zama a bakin gaɓa, a bakin akushin kifi yake zaune.

Kayan aikin ma ba abin da zai sa a ci bashi. Gora madaidaiciya mai ɗan sauƙin lanƙwasa, wadda ta ninka tsawon mutum ko ta ɗan fi. Zaren roba irin na masunta, da ƙugiya, ana samun su a kusan kowace kasuwar da ke kusa da ruwa. Ɗan guntun darma a matse a jikin zaren kamar taƙi ɗaya sama da ƙugiya don ya ja ta ƙasa, sai abin da zai yi yawo a saman ruwa ya ba da labari: guntun karan dawa busasshe, ko a yanko daga tsohon silifas. Sanda mai mazarin naɗe zare irin ta Turawa tana da daɗin aiki, tana kuma kai jifa nesa, amma ba da ita ake fara sanin ruwa ba. Shawara ɗaya da nake nanatawa ga duk mai farawa ita ce ya sayi ƙaramar ƙugiya. Zuciya takan raya wa mutum babban kifi, sai ya zaɓi ƙugiya kamar ta rataye nama, ya wuni karfasa na tsinke masa abinci ba ta iya haɗiye ƙarfen. Ƙarama tana kama ƙaramin kifi, tana kuma iya riƙe matsakaici.

Abin sawa a ƙugiya yana nan a bayan gida. Tana ita ce gaba, a tono ta a wuri mai laima, bakin magudanar wanke-wanke ko ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, a zuba a gwangwani da 'yar ƙasa mai damshi. Gara, fara, da shingen da ke fitowa bayan ruwan fari duk kifi yana so. Tarwaɗa da hanci take farauta, gashin bakin nan nata da shi take laluben abinci cikin duhu da ruwa mai laka, don haka hanjin kaza ko wani abu mai ƙarni yakan jawo ta daga nesa. Karfasa ta fi karkata ga tsiro, tana cin tana, tana kuma cin ɗan curin tuwo ko ƙulli mai danƙo. In aka kwaɓa dusa da garin ƙuli-ƙuli da 'yar laka, aka riƙa jefa dunƙule biyu a wuri ɗaya kwana uku a jere, kifi zai saba da wurin kamar yadda kaji ke sabawa da inda ake watsa musu tsaba.

Ni ma sai da na girma na fara, kuma wani dattijon masunci ne ya buɗe mini ido, a bakin wata madatsa. Na same shi yana ɗinkin koma, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ni ba ɗan gado ba ne, amma ina so in koyi fatsa." Na zaci zai sallame ni. Sai ya nuna mini inuwata da ta kwanta a kan ruwa, ya ce, "Yaro, fara da janye wannan." Ya sa na koma inda rana ke gabana, na zauna maimakon tsayuwa, na daina buga ƙafa. Ya ce kifi yana jin takun mutum ta jikinsa tun kafin ya gan shi, kuma farar rigar da na sa tana haskawa har ƙasan ruwa. A ranar na gane cewa karin maganar nan ta kifi na ganinka mai jar koma, masu lura ne suka yi ta.

Sauran abin da ya koya mini duk irin wannan ne. Ka zo da asuba kafin rana ta yi zafi, ko bayan la'asar zuwa almuru, domin da tsakar rana kifi yakan sauka inda ya fi sanyi. In hunturu ya kankama ruwa ya yi sanyi ƙarara, cin kifi yakan ragu, sai ka bari rana ta ɗan ɗumama gefe. Ka nemi inda ƙaramin rafi ke shigowa, ko gindin bishiyar da ta faɗa ruwa, ko bakin ciyawa, ko inda ruwa mai gudu ya yi kwana ya lafa. In karan da ke saman ruwa yana rawa kaɗan-kaɗan, ɗanɗano ake yi, kada ka taɓa. In ya nutse ko ya kama tafiya gefe, ka ɗaga da wuyan hannu, ba fizga da kafaɗa ba, don kada ka yage bakin kifin. In ka yi rabin sa'a shiru, ka matsar da karan sama ko ƙasa a jikin zaren don ƙugiya ta sauya zurfi, in bai yi ba ka sauya wuri.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Babu ko ɗaya cikin abin da ya faɗa mini da yake gudana a jini. Ido ne da kunne da shekaru. Abin da ɗan masunci ya fi ni da shi, ya fara jin waɗannan maganganu yana ɗan shekara biyar, ni kuwa na ji su da furfura ta fara leƙowa. Wannan fifiko ne na gaske, ba na raina shi. Amma irin fifikon da tambaya da zama suke ragewa ne.

Batun asirin ruwa kuwa, ba zan yi jayayya da dattawa a kan abin da suka riƙe na gidajensu ba. Abin da zan iya shaida shi ne, ni da bisimilla na jefa ƙugiyata ta farko, kuma karfasar da ta kama ba ta bambanta da ta kowa ba. Na kuma lura cewa da yawa daga cikin hane-hanen masu ruwa suna da hikima a fili. In Sarkin Ruwa ya ce ba a su a wuri kaza sai lokaci kaza, kamar yadda ake killace Matan Fada har ranar biki, kifi ne ake ba damar ya hayayyafa ya girma. In ya ce kada a zauna a gaɓa kaza da magariba, sau da yawa kada ne a wurin, ko mashigar dorina, ko gaɓar da ruwa ya rarake ƙarƙashinta. Don haka mai farawa ya soma da zuwa gaishe da Sarkin Ruwa ko wakilinsa, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya tambayi inda aka yarda da inda aka hana, da ko akwai wani izini da hukuma ke nema a wannan ruwan. Ya nisanci inda wani ya kafa kalli ko gura. Ban taɓa ganin an kori mai sanda ɗaya da ya zo da ladabi ba.

Tsoron da iyayenmu suke ji wa 'ya'yansu shi ne halaka a ruwa, kuma tsoro ne na ƙauna. Sai dai fatsa daga tudu ita ce hanyar da ta fi nisa da wannan halaka. Ba jirgi balle ya kife. Ba shiga ruwa balle a haɗu da tsargiya, cutar nan mai sa fitsarin jini, wadda ƙwayarta ke fitowa daga ƙananan dodon koɗi a ruwa mai kwanciya ta huda fata ta shiga. In ƙugiya ta maƙale a saiwa, a tsinke zaren a ɗaura wata, kada a bi ta. Kada a tafi shi kaɗai, musamman wanda bai iya iyo ba, kuma in hadari ya taso da walƙiya a kwantar da gorar a bar wurin. Kifin ma yana da makaminsa. Tarwaɗa da ƙurungu suna da ƙaya mai kaifi a gefen wuya, ta ƙurungu har kafewa take yi, sai a riƙe su ta bayan kai da tsumma. Minjirya kuwa, mai taushin jiki da ɗigo-ɗigo, ba a kama ta da hannu, domin tana da wuta kamar ta lantarki.

Abin da ya sa na damu har na ɗauki alƙalami shi ne abin da maganar nan ta kamun kifi sai mai gado take jawo mana. Gidaje nawa ne a gefen Tiga, ko fadamun Haɗeja da Nguru, da yara ke yin mako ba su ga nama a miya ba, alhali karfasa huɗu da uba zai kamo bayan la'asar sun isa su sauya tukunyar daren? Akwai kuma wata ɓarnar da ta fi wannan. Saurayin da aka rufe wa ƙofar koyo ba ya fasa son kifi. Shi ne za ka ji ya zuba gamalin a tafki ya kashe uwa da 'ya'ya ya kai wa mutane guba kasuwa, ko ya ja gidan sauro ya kwashe 'yan mitsi-mitsin da ba su kai yatsa ba. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da abin fashewa, amma doka ba ta kwana a bakin kowane tafki. Wanda ya zauna gaban dattijo ya koyi fatsa, tare da ita yake koyon mayar da ƙaramin kifi ruwa, da barin karfasar da ya samu da ƙwai cike da baki, domin ya ji daga bakin mai ruwa cewa a bakinta take renon 'ya'yanta.

A daminar bara na ɗauki ɗan kawun nan nawa, wanda yanzu shi ke noman gonar, muka gangara gindinta da gora biyu da gwangwanin tana. Ya yi ta waige kamar mai tsoron a gan shi. Wajen ƙarfe shida karansa ya nutse, ya ɗaga, sai ga tarwaɗa mai kaurin damtse tana bugun ciyawa. Ya riƙe ta da tsumma yadda na nuna masa, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Yaya, gobe da asuba za mu dawo ko sai yamma?"