Bayani A Kan Daɓen Makewayi Da Wurin Wanki Kafin A Shimfiɗa Tayil

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanya ruwa abin tsarkakewa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, wanda duk ya ratsa Madadi da garuruwan ƙasar Gwarzo da Kabo a 'yan shekarun nan, ya ga wata sabuwar al'ada. Ɗan kasuwa in Allah Ya buɗa masa, ko manomi in kaka ta yi kyau, sai ya nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo tayil, ya sa a shimfiɗa masa a makewayi da wurin wanki. Wannan ba aibu ba ne, gama tsabta abar so ce. Aibun yana ga zaton da jama'a ke yi, wai tayil shi ke tare ruwa. Ko kusa. Fuskarsa ba ta shan ruwa, gaskiya ne, amma tsakanin kowane guda da ɗan'uwansa akwai tsaga, ta nan ruwa ke silalewa kullum, ya kwanta a ƙarƙashi inda ido ba ya kaiwa.

To, in ginin na tubali ne, danshin nan sai ya bi gindin bango ya hau. Da farko a ga farin gishiri ya fito, sa'an nan yaɓe ya kumbura ya zube. Ruwan Agusta na zuwa ya tarar da bango ya riga ya ruɓe daga ciki, sai a ce ruwan sama ya rushe shi, alhali ruwan buta ne ya ci shi shekara guda. Sau da yawa kuwa bangon nan na tarayya ne, a bayansa ɗakin maƙwabci yake da 'ya'yansa a kwance, shari'a kuma ta hana cutar da maƙwabci ko da da ruwan wanki ne.

Magabata ba su jahilci wannan ba. Tun kafin kamfanin Kalambaina na Sakkwato ya fara fitar da siminti a 1967, matan ƙasar Hausa sun san daɓe. Sukan zuba marmara da tsakuwa, su yayyafa ruwa, su yi ta bugu da madaɓi yini guda, sa'an nan su shayar da shi makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa, ko ruwan bagaruwa, har ya yi duhu ya ƙi shan ruwa. Magina kuwa suna da laso, wanda akan haɗa da katsi na marina da gashin jima da dafara. Da shi aka shafe cikin rijiyoyin rini irin na Ƙofar Mata, ga su nan suna riƙe da ruwan baba dare da rana. Hikimar ɗaya ce, a toshe ƙasa tukuna, ado ya biyo baya.

Aikin zamani bai sāɓa wa wannan ba, kayan ne suka sake. A cika wurin da marmara a daɓe ta kaɗan kaɗan, kada a jibga ta gaba ɗaya, domin cikon da bai daɓu ba yakan lotsa, tayil ya tsage. A shimfiɗa leda mai kauri, a zuba kankare a bisa. Sa'an nan a yi shafe da kwano 1 na siminti ga kwano 3 na yashi mai tsabta, wanda ba laka a cikinsa, a yi ta ba shi ruwa kwana 7. A nan ne gaggawar maigida ke ɓata aiki, gama shi yana son a gama kafin biki, birkila kuwa yana son a sallame shi.

Wajibi ne shafen ya gangara zuwa rariya, kamar kaurin yatsa ɗaya ga kowane kamu biyu. Wannan magana ta shafi malamai ƙwarai. A mazhabar Maliku ƙasa in najasa ta same ta, da yawan zuba ruwa take tsarkaka. To, ina amfanin zubawa in ruwan bai wuce ba, ya taru a kusurwa, mai alwala ya taka, ya fantsamar wa wandonsa, ya shiga sahu da shi? Gwajin kuwa ba wuya, a juye buta ɗaya a nesa da rariya a tsaya a ga inda ruwa ya nufa.

In shafe ya bushe sai a shafa maganin hana ruwa da ake sayarwa tare da kayan gini, shafi biyu, na biyu ya gitta na farko. Kada a tsaya ga ƙasa kaɗai, a hau da shi jikin bango taki guda, wurin wanka kuwa har ya wuce kafaɗar mutum. A ƙara kulawa da kusurwoyi da bakin bututu, don nan ne yoyo ke fara samun ƙofa. Daga nan a toshe rariya, a tara ruwa kamar yatsa biyu, a yi alama, a bar shi kwana ɗaya ko biyu. In ya ragu sosai, ko bayan bango ya jiƙe, a sake aiki tun tayil yana cikin kwalinsa.

Mai saye ya zaɓi tayil mai kaushi, gama mai santsi in ya haɗu da kumfar sabulu yakan kayar da tsoho ya karya masa ƙugu. Ruwan da ya fita ta rariya kuma kada a sake shi a lungu, a haƙa masa rami a cika da duwatsu, nesa da gindin bango. Ma'aikatan lafiya kan ce a bar mita 30, watau wajen kamu 60, tsakanin masai da rijiya. Almajirin da ya karanta Ishmawi ya san hukuncin ruwan da najasa ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa, ba a alwala da shi, ba a girki da shi.