Me Ya Sa Muke Tofar Da Tuƙar Rake Amma Mu Haɗiye Tsire?

Ga rubutun shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari suka saurara ba.

Shekaranjiya ina zaune a bakin titi a Makarfi ina shan rake, sai ga wani ƙanena da ke shirin WAEC yana ta mita, wai bayoloji hadda ce kawai, an ba su zanen sel na tsiro da na dabba an ce su haddace bambancinsu. Na miƙa masa gaɓa ɗaya. Ya tsotse, ya tofar da tuƙa. Na ce, jiya da ka ci tsire me ka tofar? Ya ce ba komai. Na ce to ga amsarka nan a ƙasa kana takawa.

Bari in warware muku. Duk wani mai rai, rake ne ko sa ko mutum, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ake kira sel, waɗanda galibinsu ido ba ya gani sai da madubin likita. Wani Bature a Ingila, Robert Hooke, shi ya raɗa musu wannan suna a 1665, bayan ya leƙa ɓawon wani itace ya ga ramuka a jere kamar ƙananan ɗakuna. Abin dariyar shi ne, ba rayayyun sel ya gani ba, katangun matattu ya gani. A taƙaice, tuƙa ya leƙa.

Akwai kayan da kowane ɓangare ke da su. Akwai siririn tantani da ya kewaye sel, shi ne maigadi, shi ke tantance abin da zai shiga da wanda zai fita. Akwai ruwa mai kauri a ciki. Akwai cibiya, wato niyukiliyos, inda DNA yake, nan ne ofishin da umarni ke fitowa. Sai maitokondiriya, janareton gidan, mai sarrafa sukari ya ba da ƙarfi. Da ku da rake duk kuna da waɗannan.

Amma tsiro ya fi mu da abu uku. Na farko, bayan tantanin nan yana da katanga mai tauri ta wani sinadari, selulos. Na biyu, a ganyensa akwai kuloroplas, masu ba shi launin kore, su ke haɗa hasken rana da ruwa da iskar da muke fitarwa su yi sukari. Na uku, a tsakiyar sel akwai wata babbar jakar ruwa, bakiyul.

To ku dubi rake. A ganye ake haɗa sukarin, a gangaro da shi cikin kara, a tara shi a sel masu laushi, mafi yawansa cikin jakunkunan nan. Idan ka sa haƙori, katangu kake fasawa, ruwan zaƙi ya tsiyayo. Aikin da injin matse rake ke yi ke nan a wajen masu mazarƙwaila. Abin da ya rage katangu ne zalla, kuma cikinmu ba shi da sinadarin narkar da selulos, dole mu tofar. Masu mazarƙwaila kuwa shanya tuƙar suke yi su hura wutar dafa ruwan raken da ita. Saniya ma ba da wayonta take narkar da ciyawa ba, wasu ƙananan halittu ne a tumbinta ke yi mata aikin. Shi kuwa nama, sel ɗinsa ba su da katanga ko kaɗan, shi ya sa yake wucewa.

Idan sel masu aiki iri ɗaya suka taru, sun zama tishu. Zaren nan da ke maƙale muku a haƙori in kuna shan rake, damin bututu ne. A ciki akwai zailem mai hawo da ruwa daga saiwa, da fulowem mai raba sukari, an naɗe su da zare mai ƙarfi. A jikinmu kuma tishu kashi huɗu ne: mai lulluɓewa kamar saman fata, tsoka, jijiyoyin saƙo masu haɗe da ƙwaƙwalwa, sai mai haɗa sassa, irin su ƙashi da guringuntsi da kitse. 'Yan jarrabawa ku riƙe wannan: jini ma a kashi na huɗu yake, nan ake yawan kama mutane.

Yanzu ga inda maganar ta wuce jarrabawa. Ruwa kullum yana ratsa tantani ne ya nufi ɓangaren da gishiri ko sukari ya fi yawa. In ka sa sel na tsiro a tsurar ruwa, zai sha ya cika ya yi tam, katanga ta riƙe shi. Cikar nan ce ke tsayar da tumatir a fadamun Kudan da Ikara, in ruwa ya yi ƙaranci jakunkunan su saki, ka ga ganye ya yi yaushi. Amma jar ƙwayar jini ba ta da katanga. A tsurar ruwa kumbura za ta yi har ta fashe. Shi ya sa ruwan da ake ƙara wa marar lafiya ba tsurar ruwa ba ne, an auna masa gishiri, giram 9 a kowace lita, ko kuma sukari. Ɗaliban kiwon lafiya da ke nan Makarfi sun san wannan tun ajin farko. Don Allah ƙarin ruwa ba aikin kowa ba ne, a bar wa wanda ya karanta.

Manomi ma ya shafe shi. In ka zuba takin zamani da yawa a jikin gindin shuka, ƙasa ba danshi, gishirin waje ya fi na cikin saiwa, sai ruwa ya riƙa fita maimakon ya shiga. Shi ne muke cewa taki ya ƙona shuka, alhali tsotse ta ya yi.

Ƙanen nawa dai ya tafi da sauran raken, bai ko biya ba. A shiri na gaba za mu ɗauko fatar albasa mu ga yadda ake leƙa katangun nan a ɗakin gwaji. Sai mun haɗu, a huta lafiya.