Direban Jirgin Ƙasa Da Masu Farautar Hoto

A ƙasar Ingila akwai waɗansu mutane da ba su da abin sha'awa kamar jirgin ƙasa. Su kan yi sammako su tsaya a tasha ko bisa gada, da kyamara a wuya, suna jiran wucewarsa. Al'adar ta yi ƙarfi ne tun 1942, sa'ad da Ian Allan ya buga ɗan littafi mai lambobin kawunan jirage, yara suka shiga bin tashoshi suna duba wanda suka gani.

Direbobi ba su ƙi wannan ba. Da yawansu su kan busa usur ko su ɗaga hannu ga wanda ya tsaya bayan shinge. Wanda ya ke tayar musu da hankali shi ne mai tsallake shingen don hotonsa ya fi na kowa.

Abin da ya faru ran 25 ga Fabrairu, 2016, ya isa misali. Akwai wani tsohon kan jirgi mai aiki da kwal, sunansa Flying Scotsman, wanda aka ƙera a Doncaster a 1923. A 1934 ya yi gudun mil 100 a sa'a guda, ya yi suna. Bayan gyaran shekara 10, wanda ya ci fam miliyan 4.2, sai ya taso daga tashar King's Cross a London zuwa York. Kusa da garin St Neots masu hoto suka dira kan dogo, tilas aka tsai da shi, sauran jirage kuma suka makara.

To, me ya sa direba ya ke tsoro haka? Da fari dai jirgi ba shi da sitiyari, watau ba ya kaucewa. Birki da usur su ne iyakar abin da ke hannunsa. Na biyu, ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi. Jirgin zamani mai gudun mil 125 a wannan hanya sai ya wuce mil guda kafin ya tsaya. Na uku, direban jirgin kwal ta 'yar taga ya ke leƙen gabansa, doguwar tukunyar ruwa ta tare masa gefe guda.

Babban haɗarin kuwa, mai hoto ya kan tsaya ne a dogo na kusa, idonsa ɗaya a rufe, ƙugin jirgin kwal ya cika masa kunne. Ba ya jin wanda ya taso ta bayansa. Direban wancan jirgi yana ganinsa sarai, amma ba yadda zai yi. In abin ya auku, shi za a bari da tunani har ƙarshen ransa, alhali ba laifinsa. Shi ya sa dokar Ingila ta yanke tarar da ta kai fam 1,000 ga mai hawa dogo ba izini.

Mazauna Agege da Oshodi ba baƙin dogo ba ne, ga kuma sabon layin Ikko zuwa Badun da aka buɗe a 2021. Yau ko wane yaro da kyamara a wayarsa. Mai son hoton da zai aika gida, ya ɗauka daga dandamalin tasha, ya bar wa direba hanyarsa.