Lasifika Biyar Amma Murya Ba Ta Fita: Yadda Ake Zaɓen Tsarin Sauraro a Risibar Hom Tiyata

Mutum ya tara kuɗinsa ya sayi risibar sauti ta Denon ko Yamaha ko Onkyo, an jera lasifika biyar a falo, an ajiye akwatin bes a kusurwa. Daren farko aka sa fim. Ƙarar bindiga kamar za ta tsaga silin, amma da jaruman suka fara magana sai an kasa kunne. A ƙaro sauti, a rage, a sake ƙarowa, har fim ya ƙare rimot bai bar hannu ba. Washegari a fara zargin mai shago da sayar da jabu.

Sau da yawa kayan lafiyarsu ƙalau. Laifin yana kan maɓallin nan da ke sauya rubutu a fuskar risiba: Stereo, Dolby Surround, Neural:X, Multi Ch Stereo, Direct, Pure Direct. Waɗannan su ne tsare-tsaren sauraro, kowanne da irin umarnin da yake bai wa na'urar kan yadda za ta raba sauti tsakanin lasifikoki. Ƙa'idar zaɓensu guda ce: ka fara sanin irin sautin da ke shigowa, sannan ka zaɓi tsarin da ya dace da shi.

Fara da duba abin da ke shigowa

A rimot ɗin yawancin risibobi akwai maɓallin Info, wasu kuma Display suke rubutawa. Idan ka danna, zai nuna maka nau'in sautin da na'urar ke karɓa da yawan layukansa. Idan ka ga 2.0, layi biyu ne kawai, hagu da dama, wato sitiriyo. Idan ka ga 5.1, layi biyar ne (hagu, dama, tsakiya, da biyu na gefe) tare da layi na musamman na gumzar ƙasa wanda ke tafiya zuwa akwatin bes, wato sabwufa. A tsari mai lamba uku kamar 5.1.2, lambar ƙarshe yawan lasifikokin sama take nufi.

Duk waƙar da ka tura daga waya ta Bluetooth sitiriyo ce. Haka galibin bidiyon YouTube, har da fina-finai masu dogon zango na Kannywood da ake kallo a can. Fina-finan faifan Blu-ray da yawancin sababbin fina-finan Netflix kuwa da 5.1 ko Dolby Atmos suke zuwa.

A nan mutane da yawa ke tafka asara ba su sani ba. Fim yana ɗauke da 5.1, amma risiba tana nuna PCM 2.0, saboda talabijin ko dikoda ta matse layukan zuwa biyu kafin ta tura. Shiga saitin sautin talabijin ɗinka, wajen fitar da sautin dijital, ka ɗauke shi daga PCM ka mayar Auto, Passthrough ko Bitstream, duk wanda ka tarar. Waya ma tana da iyakarta. Wayar optikal tana ɗaukar Dolby Digital da DTS na 5.1, amma ba ta ɗaukar Atmos ko Dolby TrueHD. Kafar HDMI mai alamar ARC tana iya wuce da Dolby Digital Plus, irin wanda manhajojin kallo ke amfani da shi, eARC kuma ita ke ɗaukar TrueHD cikakke. Masu PlayStation kada su damu idan suka ga Multi Ch In ko PCM mai layi da yawa: na'urar wasan ce ta riga ta warware sautin, babu abin da ya ɓace.

Tsarin da ke fito da sauti yadda aka haɗa shi

Idan abin da ke shigowa 5.1 ne ko Atmos, aikinka ya yi sauƙi. Bar risiba ta fito da shi yadda masu fim suka tsara. A Denon da Marantz ka zaɓi tsarin da ke ɗauke da sunan sautin kansa, kamar Dolby Digital, Dolby Atmos ko DTS:X, ko ka bar shi a Auto. A Yamaha maɓallin Straight ne ke wannan aiki.

Dalili shi ne an riga an yi rabon tun daga situdiyo. Tun da Dolby Digital ya shiga sinima a 1992 da fim ɗin Batman Returns, DTS ya biyo baya a 1993 da Jurassic Park, masu haɗa sauti ke ajiye mafi yawan magana a layin tsakiya, su bar na gefe ga ruwan sama, hayaniyar titi da motar da ta gifta. Atmos, wanda ya fara a 2012 da fim ɗin Brave ya kuma shigo gidaje a 2014, ya ƙara da sauti daga sama. Saboda haka idan ana hira a fim ka ji lasifikokin baya sun yi tsit, ba lalacewa suka yi ba. Ba a ba su abin faɗa ba ne a wannan wuri.

Masu faɗaɗa sitiriyo

Idan kuwa layi biyu ne ke shigowa, a nan Dolby Surround da DTS Neural:X ke da amfani. A tsofaffin risibobi za ka tarar da magabatansu, Dolby Pro Logic II da ya fito a shekarar 2000, da DTS Neo:6. Aikinsu shi ne kwatanta hagu da dama. Sautin da ya zo daidai a ɓangarorin biyu, wanda galibi muryar mai magana ce, sai su tura shi lasifikar tsakiya. Amo da hayaniyar fili kuma su kai su gefe da baya.

Wasan ƙwallo shi ne misali mafi sauƙi. Da Dolby Surround, mai sharhi zai zauna a ƙarƙashin allon talabijin, ihun 'yan kallo ya zagaye falon. Fim ɗin Hausa ma yana amfana, don hira ce ke ɗauke da labarin, kuma fitowarta daga lasifika ɗaya ta tsakiya na sa wanda ke zaune a gefen kujera ya ji ta daga wajen allo. Tsakanin biyun, masu saurare da yawa na ganin Neural:X ya fi cika lasifikokin baya da na sama, Dolby Surround kuma ya fi natsuwa. Gwada su a kan abu ɗaya ka ji wanda kunnenka ya fi so.

A lura da abu biyu. Ganin Dolby Surround a fuskar risiba ba ya nufin Atmos kake ji, faɗaɗawa ce kawai. Sannan idan ka sa waƙa a wannan tsari ka ji komai ya cunkushe a tsakiya, nemi saitin Center Spread ka kunna, zai bazo muryar zuwa hagu da dama.

Tsarin da ya fi yaudarar mutane

Denon na kiransa Multi Ch Stereo, Onkyo All Ch Stereo, Yamaha kuma 5ch Stereo, 7ch Stereo ko All-Channel Stereo. Yana kwafar sautin hagu ya zuba a dukkan lasifikokin hagu, na dama ma haka. Kowace lasifika tana ruri, falo ya cika, mai gida ya ji kuɗinsa sun fito. Shi ya sa ake yawan gwada kaya da shi a shago, kuma mai haɗa wayoyi kan tafi ya bar na'urar a kansa don a tabbatar kowace lasifika tana aiki.

Sai dai idan fim mai 5.1 ya shigo, wannan tsari yana narkar da layukan zuwa biyu ne sannan ya watsa su ko'ina. Jarumi yana gabanka a allo, muryarsa tana fitowa ta bayan ƙeyarka, cakuɗe da kiɗa da ƙarar mota. Wanda ya bar risibarsa a haka ya biya kuɗin sautin sinima yana jin rediyo biyar a ɗaki ɗaya. Inda yake da amfani shi ne ranar suna ko walima, baƙi suna kai-komo, ana son kiɗa ya kai kowane lungu. Ka tuna kuma dukkan amfilifayoyin risibar ke aiki tuƙuru a lokaci guda, don haka ta fi ɗaukar zafi ta kuma fi jan wuta, abin lura ga mai inbata ko sola.

Akwai kuma tsare-tsaren da ke kwaikwayon wurare, irin Hall in Vienna, The Roxy Theatre da Cellar Club na Yamaha, waɗanda ke ƙara amon babban zaure a kan sautin. A falo mai tayil da bangon siminti, wanda dama can yana mayar da amo, ƙarin na iya dagula magana. A yi wasa da su a kan waƙa, a kashe su lokacin labarai.

Stereo, Direct da Pure Direct

Ga waƙa, wurin farawa shi ne Stereo: lasifika biyu na gaba tare da sabwufa, yadda aka haɗa yawancin waƙoƙi. Direct yana tsallake gyare-gyaren sauti, Pure Direct kuma ya ƙara da kashe hasken fuskar risibar da wasu sassan da ba a buƙata.

Sunan yana da daɗin ji, amma akwai abin da ake rasawa. A cikin abubuwan da ake tsallakewa har da gyaran ɗaki da na'urar ta yi da makirfo, wato Audyssey a Denon da Marantz, ko YPAO a Yamaha. A risibobi da yawa ma sabwufa tana yin shiru idan waƙar sitiriyo ce. Mai manyan lasifikoki masu tsayuwa a ƙasa zai iya jin daɗinsa. Mai ƙanana da ake ratayewa a bango zai ji waƙa ta rame, saboda gumzar da ya kamata a miƙa wa sabwufa an bar musu ita, ba su kuwa iyawa. Irin waɗannan a saita su a Small, a sa iyakar rabo a 80Hz ko sama da haka gwargwadon ƙanƙantarsu, a zauna a Stereo.

Idan har yanzu magana ba ta fita

An haɗa sautin fim ne domin zauren sinima, inda tazarar raɗa da fashewar bam ke da faɗi sosai. A gida da dare, fanka na juyawa, janareton maƙwabta na ruri, yara na barci, wannan tazara ta zama matsala. Maganinta ba sauya tsarin sauraro ba ne. Kunna abin da ke rage tazarar: Dynamic Volume a Denon da Marantz, Adaptive DRC a Yamaha, Late Night a Onkyo. Idan bai isa ba, ƙara wa lasifikar tsakiya desibel 2 ko 3. Duba kuma inda aka ajiye ta. Idan tana can cikin ramin kabad, jawo ta bakin katako ta fuskanci kunnen mai zaune.

Wanda bai taɓa amfani da makirfon da ya zo a kwalin ba, ya nemo shi. Aikin 'yan mintoci ne: a kafa shi daidai tsayin kunne a wurin zama, a kashe fanka, a bar na'urar ta auna nisan kowace lasifika da ƙarfinta. In ba a yi wannan ba, lasifikar bayan da ke dab da kujera za ta riƙa danne ta tsakiya a kowane tsari.

Da zarar ka samu abin da ya yi maka, ajiye shi. Denon na da maɓallan Quick Select, Yamaha na da Scene, kuma yawancin risibobi suna tuna tsarin ƙarshe da aka zaɓa wa kowace kafa. Ware ɗaya ga fim, ɗaya ga ƙwallo da tashoshi, ɗaya ga waƙa, don kowa a gidan ya danna maɓalli guda ya samu daidai. Yau da dare idan ka kunna, danna Info kafin komai. Idan ka ga 5.1 na shigowa alhali risibar tana kan Multi Ch Stereo, mayar da ita Auto ko Straight, ka koma farkon hirar da ta gagare ka ji, ka sake saurare.